Farcen Ƙafa Mai Shiga Nama: Abin da Mai Juna Biyu Za Ta Yi a Gida, da Lokacin da Za Ta Zo Asibiti

 

A ɗakin awo kun saba ganin muna gwada jini, mu auna nauyi, mu auna girman ciki, mu saurari bugun zuciyar jariri. Ni kuwa nakan ƙara da duba ƙafa, har da yatsu. Abin da ya koya mini haka shi ne wata baiwar Allah mai cikin wata 8 da ta shigo mana tana ɗingishi, ta naɗe babban yatsanta da tsumma. Da na tambaye ta sai ta ce, "Sista, ba wani abu ba ne, farce ne kawai." Muna kwance tsumman muka ga yatsa ya kumbura suntum, yana fitar da mugunya, wani jan nama ya tsiro ya hau kan farcen.

Ashe mako 3 kafin nan ta fara jin gefen farcen yana sukarta. Da yake ciki ya hana ta sunkuyawa, sai ta ba 'yarta reza ta ƙwaƙule mata. Ta ji sauƙi na kwana biyu, ciwo ya dawo ya fi na da. Wata maƙwabciya ta ce ta fasa kafso ta barbaɗa, ta yi, abin ya ƙi. Sai da likita ya yi mata ɗan ƙaramin aiki sannan ta warke. Ta haihu lafiya, amma ta sha wahalar da ruwan ɗumi da gishiri da 'yar auduga za su iya raba ta da ita tun a makon farko.

Saboda haka yau za mu yi bayanin wannan ciwo: yadda yake farawa, abin da za ki yi masa a gida, abin da bai kamata ki yi ba, da lokacin da maganin gida ya ƙare sai asibiti.

Mene ne farce mai shiga nama?

Farce yana tsirowa ne daga tushensa da ke ƙarƙashin fata, yana turowa gaba a hankali. Na ƙafa ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 a wata, shi ya sa idan ya cire gaba ɗaya sai ya yi wata 12 zuwa 18 kafin sabo ya cika. A gefe da gefen farce akwai 'yar kwarya ta fata wadda yake bi yana tafiya. Idan kusurwar farcen ta kauce ta soki wannan fata, ko kuma fatar ta kumbura ta danno kan farcen, shi ne ake cewa farce ya shiga nama. An fi samunsa a babban yatsan ƙafa.

Da zarar fata ta huje, jiki yana ɗaukar tsinin farcen kamar ƙaya ce ta shige shi. Wurin ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi. Ƙwayoyin cutar da ke kan fata da cikin ƙasa kuma su samu ƙofar shiga. Muddin tsinin yana ciki, ciwon ba zai rufe ba, kome maganin da aka shafa a sama.

Abubuwan da suka fi jawo shi su ne yanke farce har ƙasa-ƙasa, da zagaye kusurwoyinsa da reza, da fizge farce da hannu, da matsattsen takalmi, da tuntuɓe ko faɗowar abu mai nauyi kamar taɓarya a kan yatsa. Wasu kuma gadon farce mai lanƙwasa suka yi.

Me ya sa yake damun mai ciki?

Na farko, kumburin ƙafa. Jikin mai ciki yana tara ruwa, jininta yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi a da, mahaifa kuma tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Sai ƙafa ta hau, musamman da yamma da lokacin bazara. Naman yatsa idan ya kumbura farce yake dannowa.

Na biyu, ƙafa tana buɗewa. Sinadaran da ke sassauta gaɓoɓin ƙugu domin haihuwa suna sassauta na ƙafa ma, ga kuma nauyin da ya ƙaru. Takalmin da ya yi miki daidai kafin ciki zai iya matse ki a wata na 7.

Na uku, mata da yawa farcensu yakan ƙara saurin tsiro lokacin ciki, wani ya yi laushi, wani ya riƙa karyewa yana barin tsini.

Na huɗu, ciki idan ya tsufa ba kya ganin yatsunki sosai, balle ki kai hannu. Sai ki yanke a karkace, ko ki ba yaro, ko ki kira mai yankan farce na bakin titi.

Duba yatsanki: a wane mataki yake?

Kafin ki fara kowane magani, ki zauna a wuri mai haske, ki ɗora ƙafar a kan kujera 'yar tsugunno, ki duba da kyau. Idan ba kya gani, ki sa madubi ko wani babba ya duba miki.

Mataki na 1: gefen farce ya yi ja ko ya ƙara duhu, ya ɗan kumbura, yana zafi idan an taɓa ko an sa takalmi. Babu mugunya, babu wari. Wannan shi ne matakin da maganin gida yake aiki.

Mataki na 2: kumburi ya ƙaru, wurin yana zogi ko ba a taɓa ba, yana tsatsar ruwa ko mugunya, wani lokaci da wari. Ƙwayoyin cuta sun shiga ke nan. Wannan na asibiti ne.

Mataki na 3: jan nama mai saurin fitar da jini ya tsiro ya hau kan farcen, fatar gefen ta yi kauri. Wannan ba ya warkewa sai an cire ɓangaren farcen da ke sukar naman.

Waɗanda ba za su tsaya maganin gida ba

Akwai matan da ko a mataki na 1 suke, muna so su zo mu gani a ranar ko washegari:

1. Mai ciwon suga, ko na da can ne ko wanda ciki ya zo da shi. Suga yana hana ciwo saurin warkewa, yana ba ƙwayoyin cuta dama. Wanda ya daɗe a jiki kuma yana rage jin zafi a ƙafa, sai ciwo ya ci ƙasa mai shi ba ta sani ba. Ƙaramin ciwon yatsa yana cikin abubuwan da ke kai masu suga ga rasa yatsa ko ƙafa.
2. Mai sikila, domin ciwon ƙafa yana daɗewa bai warke ba a jikinta.
3. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ko mai shan magungunan da ke rage garkuwa.
4. Wadda ƙafarta ke yin dindiris ba ta jin taɓi sosai, ko yatsunta ke yin sanyi suna canza launi.
5. Wadda ake yi wa allura ko take shan maganin tsinka jini.

Idan ba ki san matsayin sugarki ba, ki tambaya a awo. Akan yi gwajin sugar masu ciki tsakanin mako na 24 da na 28, wadda kuma take da dalili akan yi mata tun kafin nan.

Maganin gida, ɗaya bayan ɗaya

Kayan da kike bukata ba su da tsada: roba mai tsabta, ruwan da aka tafasa ya huce, gishirin girki, sabulu, tawul mai tsabta, audugar asibiti, basilin, da filasta.

1. Wanke hannu. Ke ko mai taimaka miki, ku wanke hannu da sabulu kafin taɓa yatsan da kuma bayan an gama.

2. Haɗa ruwan gishiri. Cokalin shayi 1 na gishiri a rabin lita na ruwa, wato daidai da ledar fiya wata guda. Idan lita 2 za ki zuba a roba, cokali 4 ke nan. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai. Ki gwada da gwiwar hannu kamar yadda ake gwada ruwan wankan jariri. Ruwa mai zafi ƙwarai yana ƙona fata, yana ƙara kumburi. In babu gishiri, ruwan ɗumi da ɗan sabulu ma ya wadatar.

3. Tsoma ƙafar. Minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a rana. Wannan yana tausasa farce da fata, yana wanke datti, yana rage raɗaɗi. Kowane lokaci a haɗa sabon ruwa.

4. Janye fatar. Tun ƙafar tana da laushi, ki sa yatsan hannu ki riƙa tura naman gefen farcen waje a hankali, kina nisanta shi da farcen.

5. Tsane ƙafar sosai, har tsakanin yatsu. Danshi yana sa fata ta yi taushi, farce ya ƙara samun hanyar huda ta.

6. Ɗaga kusurwar farcen. A murza 'yar auduga kamar girman ƙwayar shinkafa, a tura ta a hankali ƙarƙashin kusurwar da ke sukar naman, da wani abu mai tsabta marar kaifi kuma marar tsini. Wasu na amfani da zaren sakace haƙori na kanti a madadin auduga. Amfanin wannan shi ne farcen ya ɗago ya bi ta saman fata yayin da yake tsirowa. A canza audugar kullum bayan an tsoma ƙafa, domin tsohuwa matattarar ƙwayoyin cuta ce. Idan ta ƙi shiga ko zafin ya yi yawa, kada a tilasta, a bar wannan matakin.

7. Ko kuma a ja fatar da filasta. A manna bakin filasta a kan naman gefen farcen, a ja shi waje, a bi da shi ta ƙarƙashin yatsan a manne. Kada a zagaye yatsan gaba ɗaya a ɗaure tam, domin jini yana bukatar hanya. Idan yatsa ya yi sanyi, ko ya canza launi, ko ya fara zogi, a cire nan take.

8. Shafa basilin kaɗan a gefen farcen. Idan za ki fita, ki rufe da ƙyallen ɗaurin ciwo mai tsabta don ƙura. A cikin ɗaki ki bar shi ya sha iska.

9. Ba yatsan sarari. Ki sa buɗaɗɗen takalmi marar tsini wanda ba ya santsi. Ki ajiye sau-ciki da matsattsiyar safa sai kin warke. Kada kuma ki yi yawo ba takalmi a tsakar gida, musamman inda ake ɗaure dabbobi.

10. Ɗaga ƙafa. Idan kin zauna, ki ɗora ta a kan matashi ko kujera. Idan za ki kwanta, ki kwanta ta gefen hagu. Kumburi idan ya sauka, matsin da ke kan farce yana raguwa.

Ciwon yatsa ba ya hana wanke ƙafa wajen alwala ko wanka. Abin kula shi ne a tsane wurin bayan an gama, a kuma canza audugar idan ta jiƙe.

Idan kina yin haka yadda ya kamata, zafi da ja za su fara raguwa cikin kwana 2 zuwa 3. Ki ci gaba da sa audugar har kusurwar farcen ta tsiro ta wuce naman. Wannan kan ɗauki makonni, tunda farcen ƙafa ba ya sauri. Idan kuwa kwana 3 sun cika babu sauƙi, ko abin yana ƙaruwa, maganin gida ya ƙare, ki zo.

Maganin rage zafi

Wanda aka fi amincewa da shi ga mai ciki shi ne farasitamol. Ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci guda, a bar aƙalla awa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24, kuma a daina da zarar zafi ya lafa. Ki lura, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu, kada ki haɗa biyu ba ki sani ba.

Ki guji ibufurofen da dikulofenak da danginsu sai in likita ne ya rubuta miki. A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa shan irinsu daga mako na 20 zuwa sama zai iya taɓa ƙodar jariri, ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. A watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiyar jini da ke kusa da zuciyarsa tun lokacin rufewarta bai yi ba. Akan samu irin waɗannan ƙwayoyi a haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis ko a hannun masu talla. Kada ki sha ƙwayar da ba ki san sunanta ba. Amma idan likita ya ɗora ki a kan ƙaramin asfirin saboda hawan jinin ciki, wannan daban ne, ki ci gaba da shan abinki yadda aka ce.

Abubuwan da ke mayar da ƙaramin ciwo babba

Ƙwaƙule gefen farce da reza, ko allura, ko almakashi. Wannan shi ne babban kuskure. Za ki ji sauƙi na ɗan lokaci, amma reza ba ta kaiwa can ƙasan kusurwar, sai ta bar wani ɗan tsini ɓoye a cikin nama. Farce yana tsirowa, tsinin yana ƙara nutsewa. Ga kuma sabon yanka da aka yi wa fata.

Tsaga tsakiyar farce. Wasu sun ce idan aka yanke ɗan gurbi a tsakiya, gefen zai janyo ciki. Ba haka ba ne. Farce daga tushe yake turowa, abin da aka yi wa bakinsa ba ya canza hanyarsa.

Zuba kananzir, ko fetur, ko man birki, ko ruwan batir, ko kanwa. Duk suna ƙona nama mai rai, suna jinkirta warkewa. Haka nan ɗaura dakakkiyar tafarnuwa, tana iya saɓule fata. Dettol da Izal ma ba a zuba su tsagwaronsu a kan ciwo.

Shafa toka, ko ƙasa, ko kashin dabba. Wannan hanya ce ta kamuwa da tetanus, ciwon nan da ke sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, wanda ƙwayarsa ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi. Ki duba katinki ki tabbata kin karɓi allurar rigakafinsa. Ana yin ta farko da zarar an fara awo, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu da ta biyar kuma shekara-shekara. Tana kare ki, tana kare jaririnki a makonninsa na farko.

Fasa kafso a barbaɗa, ko sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da takardar likita ba. Garin kafso ba ya cire tsinin da ke cikin nama, sai dai ya daskare ya toshe mugunya. Shan kafso mai ja da rawaya, wato tetarasaikilin, yana iya ɓata launin haƙoran jariri ya kuma taɓa ƙashinsa.

Yawan shafa aidin. Yana ratsa fata ya shiga jini, kuma idan ya yi yawa zai iya taɓa aikin wata halitta da ke maƙogwaron jariri mai kula da girmansa. Kada mai ciki ta mayar da shi abin shafawa kullum.

Ƙunshi a kan yatsa mai ciwo. Na san ana son lalle idan haihuwa ta matso da kuma lokacin suna. Amma lalle da shuɗin maganin nan na ciwo suna ɓoye jan da muke dubawa mu gane ko ciwo yana yaɗuwa. Baƙin dayis kuwa yana sa wa wasu ƙuraje da ƙuna. A tsallake wannan yatsan har ya warke.

Alamomin da za su sa ki zo asibiti ba tare da jiran ranar awo ba

1. Mugunya ko wari daga yatsan.
2. Ja ko kumburi ya wuce yatsa ya hau bayan ƙafa, ko kin ga jan layi yana hawa sama.
3. Kaluluwa ta fito miki a matsematsi.
4. Zazzaɓi, ko rawar sanyi, ko kasala mai yawa.
5. Zogin da ke hana barci ko taka ƙafa.
6. Yatsa ya yi baƙi, ko ya yi sanyi, ko ba kya jinsa.
7. Tsiron nama mai fitar da jini.
8. Kwana 3 na maganin gida babu sauƙi.

Zazzaɓi ga mai ciki ba abin wasa ba ne, ko daga yatsa ya taso ko daga maleriya. Zai iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Idan ya zo da dare, ki zo sashen gaggawa, kada ki jira gari ya waye.

Me za a yi miki a asibiti?

Mata da yawa suna ɓoye ciwon ne don tsoron za a zare farcen gaba ɗaya, ko allura za ta taɓa cikin. Ki kwantar da hankalinki. Idan abin bai yi nisa ba, wankewa za a yi, a ɗaga kusurwar, a ɗaure, a koya miki yadda za ki ci gaba a gida. Idan cuta ta fara yaɗuwa, likita zai zaɓa miki maganin da ya dace da mai ciki, ki shanye shi duka ko da kin ji sauƙi.

Idan sai an yi aiki, allurar kashe zafi ake yi a gindin yatsan kaɗai. Idonki biyu, ba a sa ki barci, kuma allura ce da aka saba yi wa masu ciki. Sai a yanke siririn ɓangaren farcen da ke cikin nama, a bar sauran. Yawanci a ranar za ki koma gida. Ki zo da buɗaɗɗen takalmi da mai rakiya. Ga wadda ciwon ke yawan dawo mata, akwai aikin da ake kashe tushen gefen farcen da wani sinadari don kada ya sake tsirowa, amma akan jinkirta wannan sai bayan haihuwa. Kome ƙanƙantar cikinki, ki faɗa wa duk wanda zai duba ki cewa kina da juna biyu.

Rigakafi: yadda ake yanke farcen ƙafa

A yanke bayan wanka, lokacin da farce ya yi laushi. A yanke shi a miƙe daga gefe zuwa gefe, kada a bi zagayen yatsa. A bar shi daidai da bakin yatsa, yadda za a riƙa ganin kusurwoyin nan biyu a saman fata. Idan kusurwa tana da kaifi, a goge ta kaɗan da abin goge farce. Abin yankan farce na kanti ya fi reza, domin ba ya zamewa.

Kowa ya mallaki nasa abin yanka. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 ko fiye da rai a busasshen jinin da ido ba ya gani a jikin reza ko almakashi, kuma uwa tana iya sa wa jaririnta ita wajen haihuwa. Idan dole sai mai yankan farce ne zai yi miki, ki ba shi kayanki, ki kuma hana shi shiga gefe.

Takalmi kuwa ki saya da yamma lokacin da ƙafa ta hau, ki gwada a tsaye. Ya zama akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanki mafi tsawo da bakin takalmin. Da damina ki kula da tsane tsakanin yatsu saboda cin ruwa.

Saƙo ga maigida da mutanen gida

Maigida, daga wata na 7 uwargida ba ta iya kai hannu ƙafarta cikin sauƙi. Yanke mata farce aikin minti 5 ne, sau ɗaya a wata ya isa. In ba za ka samu dama ba, ka sa babbar mace mai gani sosai, kada a ba yara. Ka saya mata abin yankan farce nata da takalmin da ya yi mata daidai yanzu. Idan ta ce yatsa yana ciwo, ka duba da idonka, in ka ga ɗaya daga alamomin da muka lissafa ka ba ta izini da kuɗin mota a ranar. Iyayenmu mata, ku ma muna roƙonku: lokacin wankan jego a kula da zafin ruwa a kan yatsa mai ciwo, kuma idan an ɗaure shi a asibiti kada a kwance a sa wani magani.

Kumburin da ba na farce ba

Tunda muna maganar ƙafa, dole in ja kunne a kan kumburi iri biyu. Idan fuska da hannuwa suka kumbura, ko kumburin ya zo farat ɗaya, tare da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wannan alamar hawan jinin ciki ce mai iya kaiwa ga jijjiga. Idan kuma ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, tsokar bayan ƙwauri tana ciwo da zafi, zai yiwu jini ne ya daskare a jijiya. Kada a murza, kada a gasa. Duka biyun na gaggawa ne, a taho asibiti nan da nan.

Farcen jariri

Bayan kin sauka lafiya za ki ga farcen ƙafar jaririnki kamar ya nutse cikin nama. Yawanci ba ciwo ba ne: farcensa laushi gare shi, yatsunsa kuma ɓul-ɓul suke, yana girma abin yana daidaita. Kada a sa masa reza, kada a cije farcen da haƙori. Kada a matse ƙafarsa da ƙaramar safa, kuma a riƙa juya safar ana duba zare ko gashi, domin suna iya naɗe yatsa su tsare jini. Idan yatsan ya yi ja, ya kumbura, ko yana ruwa, a kawo shi. Idan da zazzaɓi ko ƙin kama nono, a kawo shi a take.

Kammalawa

'Yar'uwa, abin da nake so ki riƙe shi ne: tsoma a ruwan ɗumi, tsane, ɗaga kusurwa, ba yatsa sarari, kada ki ƙwaƙule. Kwana 3 babu sauƙi, ko kin ga mugunya, ko kina da suga, ki zo. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Duk zuwan da za ki yi, ki cire takalmi ki nuna mana ƙafarki, kada ki ji nauyi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya raba ku lafiya, ya ba ku masu albarka.